Tsayin tsini a Raman na yau da kullum da a SERS na molekul guda

Ƙanwata, kin tambaya ko tsinin rinin rodamin 6G da ya ninka tsayi a zanen awonki na SERS (awon Raman da ake ƙarfafa siginarsa da ƙwayoyin ƙarfe irin su azurfa) yana nufin molekul sun ƙaru. Da Raman na yau da kullum ne, wato awon girgizar molekul da hasken lazar, sai in ce i. A awon molekul guda, kada ki yi saurin yarda.

Ɗauki Kasuwar Dole ran Alhamis. Daga nesa, ƙarfin hayaniya yakan gaya miki yawan jama'a, don muryoyi sun cakuɗe, kowa ya fuskanci inda ya ga dama. Raman na yau da kullum ke nan: lazar tana haska biliyoyin molekul, tsayin tsini yana bin yawansu, muddin ƙarfin lazar da lokacin awo ba su canza ba.

SERS na molekul guda kuwa maroƙi ne riƙe da makirufo. Ƙarar da kike ji kusancin bakinsa take nunawa. Makirufon nan shi ne ɗan lungun da ke tsakanin ƙwayoyin azurfa biyu, nanomita 1 zuwa 2, inda filin lantarkin haske ke taruwa. In filin ya ƙaru sau 10, sigina kan ƙaru kusan sau 10,000. To, molekul ta ɗan gusa kaɗan, tsini ya yi sama ko ya ɓace. A 2008 Dlott da abokan aikinsa sun auna abin: cikin guraben zaman molekul miliyan ɗaya, 63 kacal suka ba da kashi 24 cikin 100 na sigina.

Gwada tsini da tsini ma haka yake. A ruwan kwalba, gwajin tsayi tsakanin tsinin rodamin da ke matsayi 612 a zanen da na 1650 ba ya cika sauyawa. A lungun azurfa, girgizar molekul da ta yi daidai da alƙiblar filin ce ke samun ƙarfi, molekul ta juya sai lissafi ya juya. Rezonans ɗin azurfar kansa, wato launin hasken da ta fi amsawa, yakan fifita wani ɓangaren zanen a kan wani. Nie da Emory sun ga wannan kunnawa da mutuwa tun 1997, saboda haka kada ki ɗora wa na'urarki laifi.

Ni dai matsayin tsini nake amince wa kafin tsayinsa. In kina son tabbatar da cewa molekul guda ce, bi dabarar Le Ru da Etchegoin ta 2006: haɗa rini biyu, ki ɗauki awo ɗaruruwa, ki ƙirga sau nawa ɗaya ya fito shi kaɗai.