Na kalli Yuru Camp: shin 'yan mata masu dara-daran idanu sun cinye anime?

Na kammala zangon farko na Yuru Camp, wani shirin anime, wato katun ɗin Japan, a wayata, ta wata manhajar kallo da ake biyan kuɗinta wata-wata, kuma a taƙaice kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Kashi 12 ne, kowanne kimanin minti 24, kamfanin C-Station ya fitar da shi a Japan a farkon 2018 daga littafin zane na wani marubuci da ake kira Afro. Abin da ya zaunar da ni rubuta sharhi a kansa shi ne gardamar da ta daɗe tsakanin masu kallon anime, wai 'yan matan nan masu manyan idanu da 'yar siririyar murya, salon da Japanawa ke kira moe, sun mamaye kasuwa har komai ya koma abu ɗaya. Yuru Camp ɗan gidan wannan salo ne gaba da baya, don haka ya dace a auna maganar da shi.

Labarin ba shi da wani ƙulli. Rin Shima ɗalibar sakandare ce a lardin Yamanashi, tana son kwana a daji ita kaɗai cikin tanti, kuma da hunturu take fita, lokacin da babu cunkoson jama'a, babu ƙwari. A kashi na farko ta tuka kekenta zuwa bakin tafkin Motosu, inda ake hango dutsen Fuji. Wajen kafa tanti da tsintar itace aka cinye lokaci mai yawa. Ana nuna maka yadda take zaɓen busassun 'ya'yan itatuwan dajin waɗanda suka buɗe baki, domin su suka fi saurin kama wuta, ta fara da ƙananan ƙirare kafin ta ɗora manya, muryar wani dattijo tana bayani a nutse. Dare na yi sai ga Nadeshiko, baƙuwa a yankin, wadda ta zo kallon dutsen barci ya kwashe ta har duhu ya rufa, tana kuka tana rawar ɗari. Rin ta zaunar da ita gaban wuta, ta tafasa ruwa ta zuba a taliyar kofi mai ɗanɗanon kori, ta miƙa mata. Yadda aka zana tururin, da yadda yarinyar ke hura taliyar tana ƙona baki amma ta ƙi dakatawa, sai da na ji yunwa ta taso mini.

Abin da ya fi shiga raina shi ne ba a mayar da kaɗaicin Rin wata cuta da za a yi wa magani ba. Ta yi ƙawaye, amma ba ta daina fita ita kaɗai ba, kuma babu wanda ya matsa mata. Akwai daren da take kan tudun Takabotchi a lardin Nagano, Nadeshiko kuma tana wani sansani a Yamanashi tare da 'yan ƙungiyar masu kwana a daji ta makarantarsu, suka riƙa tura wa juna hoton fitilun garin da kowacce ke hange daga inda take. Zumunci ke nan mai mutunta halin mutum. Haka kuma shirin bai ɓoye maganar kuɗi ba. 'Yan ƙungiyar sun sayi tanti mai arha na yen 980, kuɗin Japan, sandarsa ta karye tun a gwajin farko, suka zauna suna lissafin tsadar jakar barci mai jure sanyi, suka nemi aikin bayan makaranta don su tara. Duk wanda ya taɓa son abu aljihunsa bai kai ba zai gane su.

To, sai mu koma kan ƙorafin. Ta fuskar zane, masu ƙorafi suna da gaskiya, ban ga abin musu ba. Shafin farko na manhajar da na yi amfani da ita cike yake da fuska ɗaya: ƙaramin hanci kamar ɗigo, haɓa mai tsini, idanu rabin fuska, gashi ne kawai ke canza launi. Mu da muka tashi da Captain Majid a tashoshin Larabawa, daga baya muka gano Akira na 1988 da Cowboy Bebop na 1998 da Monster na 2004, mun saba ganin mutane masu tamoji da ƙasumba da karkataccen hanci, fuskokin da rayuwa ta taɓa. Manyan idanu kam ba sabon abu ba ne, tun Astro Boy na Osamu Tezuka a 1963 suke. Abin da ya canza shi ne yadda ake neman kuɗin shirin. Daga ƙarshen shekarun 1990 anime da yawa suka koma fitowa a talabijin da tsakar dare, ba don yara ba, kuma kamfanoni da dama ke haɗa jari a kwamiti guda: mai buga littafi, mai sayar da faifai, mai waƙa, mai ƙera 'yan tsana. A wancan lokacin ribarsu ba daga talla take zuwa ba sosai, daga masoyin da zai sayi faifai mai tsada da mutum-mutumin jarumar ya ajiye a ɗaki take zuwa. Wanda zai sayar da 'yar tsana kuwa dole ya nemi fuskar da za a so. Da kamfanin Kyoto Animation ya yi kasuwa da Haruhi Suzumiya a 2006, da Lucky Star a 2007, da K-On! a 2009, sai kowa ya ga hanya. Mujallun Manga Time Kirara na kamfanin Houbunsha, inda K-On! da Yuru Camp suka fara fitowa, sun zama rumbun irin waɗannan labarai.

Inda na rabu da masu ƙorafi shi ne cewa da suke yi labaran ma sun zama ɗaya. Tuwon ne ɗaya, miyar kuwa kullum daban. Madoka Magica na 2011 ya zo da zane mai laushi kamar na littafin yara, amma labarin sadaukarwa ne da yanke ƙauna mai nauyin gaske, wanda ba zan bar ƙaramin yaro ya kalla ba. Shirobako na 2014 'yan mata biyar ne masu irin wannan fuskar, amma daga cikinsa na fahimci yadda ake haɗa anime kansa, yadda ma'aikaciya ke yawo a mota tana karɓo zane daga gidajen masu zane, da yadda jinkirin mutum ɗaya ke tsayar da aikin kowa. Sora yori mo Tooi Basho, wanda Atsuko Ishizuka ta ba da umarni a kamfanin Madhouse a shekara ɗaya da Yuru Camp, ya kai 'yan mata huɗu har Antatika, kuma a ƙarƙashin raharsu labarin yarinya ce da mahaifiyarta ta ɓace a can ta kasa yarda. A ganina wannan fuskar ta zama takardar shiga: da ita ake shawo kan masu jari su sa kuɗi a batun da ba za su kalla ba in da wani magidanci ne jarumin. Ina shakkar a 2018 wani kwamiti zai yarda a ɓata wata uku ana koya wa mutane hura wuta da zaɓen jakar barci ba tare da Rin da Nadeshiko a gaban hoton ba.

Asarar da nake ji a jikina ita ce ta shekaru. Kusan kowa ɗan sakandare ne. Ina uwa mai 'ya'ya, ina ɗan kasuwar da ya karye, ina tsohon da ke waiwayen rayuwarsa? Suna nan, amma sai ka tona. Showa Genroku Rakugo Shinju na 2016 ya bi rayuwar wani mai sana'ar ba da labari a dandamali tun ƙuruciya har tsufa. Vinland Saga na 2019 ya shiga yaƙe-yaƙen mutanen arewacin Turai da Ingila. Odd Taxi na 2021 jaruminsa direban tasi ne mai shekara 41. Babu ɗayansu da manhajar ta kawo mini da kanta, ni na rubuta sunayensu na nemo. Kuma akwai ɓangaren wannan salo da ba na so ko kaɗan, shirye-shiryen da ke zana yara mata da sigar da ba ta dace ba don jan hankalin maza. Wannan ba ya bukatar doguwar muhawara, abin ƙi ne. In kuma maimaici ake nema na gaske, a leƙa labaran saurayin da ya mutu ya farka a wata duniya da ƙarfin da ya fi na kowa, waɗanda ke fitowa kowane zango, a Janairu da Afrilu da Yuli da Oktoba. Su suka fi gajiyar da ni, nesa ba kusa ba.

Ga iyaye da yayyen da za su kalla da ƙanne, Yuru Camp yana da tsabta idan aka kwatanta da da yawa, amma al'adar Japan ce ba tamu ba. Akwai wuraren shiga wankan ruwan zafi na maɓuɓɓuga, akwai malamar makaranta da ke shan giya har ta bugu ana mayar da abin raha, kuma ana gasa naman alade. Gara babba ya fara gani kafin ya yanke shawara. Magana da Japananci ake yi, fassarar da na samu a ƙasan allo ta Turanci ce, babu Hausa, don haka wanda karatunsa bai yi sauri ba zai riƙa tsayarwa. Data kuma tana tafiya idan aka bar hoton a mafi kyawunsa. Ni saukewa nake yi da dare in kalla daga baya, kuma ban rage ingancin hoton ba, domin rabin daɗin shirin yana cikin zanen tafki da duwatsu da hasken wuta a fuskokinsu.

Mai neman faɗa da tsere zai yi hamma tun kashi na biyu, kada ya ɓata kuɗinsa. Wanda ya dawo daga aiki a gajiye yana son abin da zai kwantar masa da hankali kafin barci, shi aka yi wa shirin. Zango na biyu ya fito a 2021, fim a 2022, na uku a 2024, kuma na riga na sabunta kuɗin watan gobe saboda su.