Tocila mai cin AA ko mai cin 18650: wanne batir za ka sake samu a Tawa?

Malam, ka ce tocilarka mai cin pil biyu na AA ta ishe ka da sayen pil, ga shi ka ga wasu a kasuwa girmansu ɗaya da naka, an rubuta musu Li-ion da 3.7V, wato litiyam na caji mai bolt 3.7. Kana son ka san ko su za ka saya, ko kuwa ka canza tocilar gaba ɗaya zuwa mai cin batirin 18650, kuma wanne ne ake samu a nan Tawa ba sai an aika Yamai ba.

Don Allah kada ka sa mai 3.7V ɗin nan a tocilarka. Sunansa 14500, faɗinsa milimita 14, tsawonsa 50, wato jikinsa daidai da na AA, amma wutar cikinsa daban. Pil ɗin AA bolt 1.5 yake bayarwa, shi kuwa wannan in ya cika caji 4.2 ne. Ka jera biyu, ka tura 8.4 ke nan a cikin abin da aka ƙera don 3. Ƙwan zai yi haske mai ƙarfi na ɗan lokaci, sannan ya ƙone. Rediyo ma haka, rimot ma haka. Mai tebur da zai sayar maka ba lalle ya san wannan ba, shi dai ya ga ya shiga ramin. AAA ma yana da irin wannan tagwayen, sunansa 10440. Ba a sa ko ɗaya daga cikinsu sai in a jikin tocilar ko takardarta an rubuta lambarsa.

Akwai litiyam ɗin da zai zauna lafiya a tocilar taka, shi ne wanda aka rubuta wa FR6, kamar Energizer Ultimate Lithium. Bolt 1.5 ne, ba ya zubar da ruwan nan da ke cinye ƙarfen tocila, yana jure zafi har digiri 60, kuma kamfanin ya ce yana iya shekara 20 ko fiye a ajiye. Nauyinsa giram 15, na alkalin wajen 23. Abu ne mai kyau, amma ba a yi masa caji, tsadarsa ta ninka ta pil ɗin tebur sau da yawa, kuma da wuya ka gan shi a Tawa. Ko a Yamai sai manyan kantuna, su ma ba kullum ba. Ya dace da tocilar da ake ajiyewa a mota don ranar da tafiya ta ɓaci da dare. Mutumin da ke kunna tocila kowane dare, wannan ba nasa ba ne.

In kana son ka riƙe tocilarka amma ka huta da sayen pil, nemi AA na caji mai rubutun NiMH, mai bolt 1.2, tare da cajarsa. Ba litiyam ba ne, amma ba zai ƙona maka komai ba, kuma mai kyau yana ɗaukar wajen 2000mAh (mAh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa). Sai dai ka san cajarsa daban take da ta litiyam, ba a haɗa su.

To ga 18650, kuma a nan zan daɗe, don shi nake ba ka shawara. Faɗinsa milimita 18, tsawonsa 65. Mai 3000mAh na gaskiya, caji ɗaya yana riƙe wutar da pil ɗin alkalin uku ko huɗu za su bayar, balle a kwatanta shi da pil mai araha na tebur mai rubutun R6. Ana yi masa caji sau 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsa ya ragu sosai. Shi kuwa 14500 da ka gani, da ƙyar yake wuce 1000mAh, kashi ɗaya cikin uku ke nan. Ko da tocilarka tana karɓarsa, ba ka yi wata riba mai yawa ba.

Abin da ya fi ja na gare shi ba ƙarfinsa ba ne ma, samuwarsa ce. Shi ne a cikin fankar caji, da fitilun sola da yawa, da ma'ajin wutar nan da ake cajin waya da shi, da batirin tsofaffin kwamfutocin hannu. Lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo mana a watan Agustan 2023, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar nan, har zuwa watan Maris na 2024, gidaje sun cika da kayan caji, kuma duk inda kayan nan suka yi yawa sai ka tarar da mai gyaransu da batir a aljihun tebur. Saboda haka ka fara da masu gyaran waya da masu sayar da kayan sola. Wanda ke Yamai kuma ya leƙa kasuwar Katako da Babbar Kasuwa. Ka duba gida ma, don tocilar nan mai cin AAA uku a cikin wani ɗan keji zagayayye, da yawa daga cikinsu in ka cire kejin 18650 ɗaya yana shiga, tunda ukun a jere bolt 4.5 suke bayarwa, kusa da 4.2 da shi yake kaiwa in ya cika caji.

Matsalarsa ita ce jabu, kuma jabun ya fi na gasken yawa a kan tebur. Manyan masu ƙera shi, Samsung da LG da Panasonic da Murata, wanda ya sayi sashen batir na Sony a 2017, mafi ƙarfin da suka saba fitarwa wajen 3500mAh ne. Duk wanda ka ga an rubuta masa 6800 ko 9900, rubutun ƙarya ne, ka ajiye shi. Abin yana ba ni takaici, don talaka ne ke biya, ya ga babbar lamba ya ɗauka ya yi sa'a, bayan mako biyu ya ce ai litiyam ɗin ma banza ne. Na gasken bai da ado, leda mai launi ɗaya ce da ƙananan lambobi a jiki. Ka ɗaga shi a hannu, in da sikeli kusa ka auna. Mai kyau yana kai giram 45 ko fiye, jabu sau da yawa ko 35 ba ya kaiwa, kamar buhun gero da aka ɗinke bai cika ba.

Kada ka raina wanda aka ciro daga tsohuwar kwamfuta. Ya sha aiki, amma yawanci ƙirar waɗancan kamfanonin ne, kuma mai rabin rai a cikinsu ya fi sabon jabu. Ka ce mai gyaran ya ɗora masa mita a gabanka. In ya nuna ƙasa da bolt 2.5, ka bar masa kayansa. Ka duba ledar ma, musamman wajen kai, domin duk gangar jikin batirin ɓangare ɗaya ce ta wutar, kan kuma ɗaya ɓangaren, in ledar ta yage ƙarfe ya haɗa su, gobara ce. Dalilin da ya sa ba a jefa shi aljihu tare da makulli da ƴan canji ke nan.

Ka tafi da tocilar wurin saye, don ba duk 18650 ne tsawonsu ɗaya ba. Akwai mai ɗan tudu a kai, akwai mai shafaffen kai, akwai kuma wanda aka sa wa ƴar na'urar kariya da ke yanke wuta in caji ya cika ko ya yi ƙasa da yawa, wanda yakan fi sauran tsawo da ƴan milimita. In ka sami mai kariyar kuma murfin ya rufu, shi za ka ɗauka.

Sai zafinmu. Ƙa'idar cajin litiyam daga digiri 0 zuwa 45 ne, kuma kowa ya san yadda Afrilu da Mayu suke a Adar. Masu caji da sola, ku bar allon a rana, batirin da cajarsa a inuwa. Kada a bar shi a mota rufe, kada a kwana ana caji a kan katifa. In za a ajiye shi wata da watanni, a bar shi da rabin caji, cikakken caji da zafi tare ne ke tsufar da shi da wuri.

Wanda nake hana kowa a nan shi ne tocila mai cin CR123A. Sukan zo cikin kayan gwanjo, ƙanana masu kyau da haske, sai mutum ya saya. Pil ɗin bolt 3 ne, ba a yi masa caji, kuma nemansa a Tawa wahala ce. Yana da ɗan'uwa na caji, 16340, amma shi ma 4.2 yake kaiwa, ba kowace tocila ke ɗaukarsa ba. In an zo rediyo kuwa, mai cin batirin BL-5C, irin na tsohuwar wayar Nokia, ya fi kowanne sauƙin samu, kusan duk mai sayar da kayan waya yana da shi.

Ƙarancin nau'o'i irin su FR6 da CR123A da 16340 yana da dalili. Tun ranar 1 ga Afrilu 2016 hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta hana ɗora batirin litiyam na caji a matsayin kaya cikin jirgin fasinja, shi ya sa masu sayarwa ta intanet da yawa ba sa yarda su turo batir shi kaɗai. Mu kuma ba mu da teku. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da ke bin Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, namu na Tawa kuma da yawa ta Ƙonni yake shigowa daga Sakkwato da Kano. Ɗan kasuwa ba zai bi wannan doguwar hanya ya ɗauko abin da zai shekara a kanta ba. Abin da ke tafiya da sauri yake kawowa, wato AA da AAA da 18650.

Da ni ne kai, sai in bar tsohuwar tocilar a hannun yara da pil ɗinta na AA, in sayi mai cin 18650 wadda ake kwance murfinta a cire batirin, in haɗa da batir biyu da caja mai shiga USB. Ka guji wadda aka manne batirin a ciki, don ranar da ya mutu tocilar ma ta tafi.

Sai kuma ƙananan na'urori, ga batirin makullin mota da na'urar gwajin sukari, masu kama da kwabo. CR2032 da CR2025 da CR2016 duk bolt 3 ne, faɗinsu milimita 20, kauri ne ya bambanta: 3.2 da 2.5 da 1.6. CR2032 ya fi samuwa kuma ya fi daɗewa, masu gyaran agogo da masu gyaran kwamfuta suna da shi. Ka tafi da tsohon don a duba lambar. Ba a yi musu caji. Kuma ka ɓoye su daga yara, sabon da tsohon duka, domin in yaro ya haɗiye ɗaya ya maƙale a maƙoshi, cikin awa 2 yana iya ƙona wurin. In haka ta faru kada a sa shi amai, kada a jira a ga ko zai fito, a garzaya da shi asibiti a gaya wa likita batir ne ya haɗiya.