Gargaɗi kan mai sayar da takin zamani gauraye da gishiri da yashi

Cikin ɓacin rai da kunya nake wannan rubutu, domin buhu 3 na saya a hannun mutumin nan, kowanne kilo 50, kuma an buga a jikinsu cewa yuriya ce mai kashi 46 cikin ɗari na naitirojin. Shekaru na yi ina kula da ciyawar babban filinmu, na kuma san cewa naitirojin ne yake sa ganye ya tofo da sauri, ya yi kore shar, ya ƙara furotin a cikinsa, kuma idan ya yi ƙaranci tsofaffin ganye ne suke fara komawa rawaya. Saboda haka ba sayen jahilci na yi ba.

Har yanzu ina ganin lokacin da ya kwance bakin buhu ɗaya, ya ɗebo da hannunsa ya zuba mini a tafi, ƙwayoyi farare tas, ya ce, "Ranka ya daɗe, duba da kanka." Na murza na duba, kuma yuriya ce ta gaskiya, sai dai daga saman buhun ya ɗebo, ni kuwa ban tura hannuna ƙasa ba.

Kafin mako biyu bakin ganyen ya ƙone, ciyawar ta bushe wuri-wuri. Wasu sun ce na cika takin ne, alhali da awo na watsa shi, na kuma bi shi da ruwa a ranar. Tun wajen watsawa ma na lura da wasu ƙwayoyi masu kusurwa a buhu na biyu, ban kawo komai a raina ba, ashe gishiri ne, wanda yake hana saiwa shan ruwa. Da na zuba ragowar a bokiti, yashi ya kwanta a ƙasa, alhali yuriya narkewa take yi gaba ɗaya, har ruwan ya yi sanyi.

Buhu 3, kilo 150, kuma yanzu ba ya ɗaukar wayata. Duk mai saye ya ɗebo daga ƙasan buhu ya jiƙa kafin ya biya. Hoton bokitin da saƙonnin da ya rantse mini a ciki suna nan, kuma zan saka su kowa ya gani.