Gargaɗi ga masu tsofaffin motoci a Legas: mai "giya sit na ƙarfe" ya ci min N120,000 ya kuma fasa min giya

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Legas, musamman masu riƙe da tsofaffin Marsandi da Fijo. Da ɓacin rai nake wannan rubutu, in kun ga magana tana hawa kan magana ku yi haƙuri. Akwai wani mutum, Bahaushe ɗan'uwanmu, da ke yawo a zaurukan WhatsApp na masu motoci yana tallar abin da yake kira "giya sit na ƙarfe, ɗan Jamus, har abada". Giya sit shi ne ɗan abin da giyar mota ke zaune a kansa, wanda aka saba yi da roba. Mutumin ya karɓi N120,000 a hannuna. N120,000, a kan abin da ko an haɗa da kuɗin fenti bai kai N5,000 ba. Kuma da a nan abin ya tsaya da na haɗiye na yi shiru. Abin da ya sayar min ɗin shi ne ya fasa min giyar mota a tsakiyar gadar Third Mainland, da iyalina a ciki.

Motata Marsandi 230E ce, wadda ake ce wa V-boot, ƙirar 1991, mai giyar otomatik. Ta mahaifina ce, Allah ya ji ƙansa, kuma duk wanda ya san ni a Agege ya san yadda nake ji da motar nan. Ban taɓa zuba mata baƙin mai na gefen titi ba, ban taɓa barin yaron makanike ya koyi aiki a kanta ba. Shi ya sa maganar da wasu ke yi a zauren, wai kwaɗayi ne ya ja min, take ƙona min rai. Wane kwaɗayi? Mai kwaɗayi araha yake bi. Ni tsada na bi. Na roba mai kyau da aka sa min yanzu N30,000 aka saye shi, ni kuwa na ba da N120,000, ninki 4, don kawai ina so in yi wa motar abin da ya fi.

Kalmar da ya faɗa min ce ta hana ni barci har yau. Muna zaune a teburin mai shayi bayan sallar isha'i, ya dafa ƙirjinsa ya ce: "Alhaji, ni da kai duk baƙi ne a garin nan. In na cuce ka, ina zan kai hakkinka?" Haka ya ce, wallahi haka ya ce. In na cuce ka ina zan kai hakkinka. Ya tambaye ni garinmu, na faɗa masa, ya lissafa min unguwanni da sunan tasha, har ya ce kakarsa ta wajen uwa 'yar can ce. Shi ya biya kuɗin shayin ma, na ciro kuɗi ya riƙe min hannu ya ce haba Alhaji, ai kai babba ne. Ku gaya min, wa zai zauna da mutum irin wannan ya ce a ransa ɓarawo ne?

Amma ba rantsuwar ce kaɗai ta kama ni ba, kada wani ya ɗauka daɗin baki kawai aka yi min na miƙa kuɗi. Mutumin ya san mota. Tun kafin in buɗe baki ya ce, "In ka sa ribas tana cewa gum, ko? In kana gosulo a Oshodi kana jin kujera na rawa, ko?" Kuma haka take yi. Ya ce robar giya sit ce ta mutu, kuma gaskiya ya faɗa, ta mutu ɗin. Ga wanda bai san abin ba, wani ɗan abu ne da bai wuce cikin hannu ba, yana ƙarƙashin wutsiyar giya, a kan ƙarfen da ya gitta ƙasan mota: ƙarfe sama, ƙarfe ƙasa, roba mai kauri a tsakani. Shi da injin sit guda 2 na gaba su ne ke ɗauke da inji da giya gaba ɗaya. Zafi yana busar da robar, in giya ko inji na yoyon mai kuma man ya jiƙa ta sai ta yi laushi ta lotsa, ramukan titi su ƙarasa ta. Na taɓa sa wani mai araha bai ɗauki lokaci ba ya tsage, don haka da ya ce min "roba ba ta jure Legas, Turawa ma sun koma ƙarfe", maganar ta zauna min daidai da abin da na gani da idona.

Kuma na bincika. Ina so a ji wannan da kyau, na bincika. Na shiga intanet a daren, na ga da gaske ana yin giya sit na ƙarfe zalla, wasu na alminiyam, ana sayarwa a Amurka da Jamus. Shi ma ya turo min bidiyo daga YouTube. Ba abin da babu shi ya ƙirƙiro ba. Abin da ya ɓoye min, wanda na tabbata ya sani sarai, shi ne irin wannan na motocin tsere ne, inda direba bai damu da ƙara ko girgiza ba, kuma a can in za a sa ƙarfe a giya ana sa ƙarfe a inji ma, su daskare tare. Ita V-boot injin sit ɗinta masu mai ne a ciki, an yi su ne don inji ya riƙa ɗan motsi. Duk lokacin da ka taka totur injin yana murɗawa gefe. To in gaba na motsi, baya kuma an kafe shi da ƙarfe, ina ƙarfin zai tafi? Kan kwankon giya zai sauka, kuma kwankon alminiyam ne, ba ya lanƙwasa, tsagewa yake. Kamar ka ɗaure wa ɗan maraƙi ƙafa ɗaya a turke ne sannan ka kore shi da bulala. Wannan bayanin makanikena ne ya yi min bayan aikin gama ya gama, shi kuwa wancan ko alamarsa bai yi min ba, sai "har abada, Alhaji, jikokinka ma za su gaje shi".

Ranar da abin ya faru muna kan hanyar Obalende ne. Gadar nan kusan kilomita 12 ce, ba wurin da mutum zai so motarsa ta mutu ba ne. Muna haye ɗaya daga cikin mahaɗan gadar na ji ƙas a ƙarƙashina, sai wari, sai mota ta daina ja, injin na kuka amma ba ta tafiya. Da kyar na gangara gefe. Na leƙa ƙasa na ga jan man giya yana tsiyaya kamar an buɗe famfo. Uwargida da yara a cikin mota, motoci na wucewa da gudu suna girgiza mu, ga yaran titi sun fara matsowa. Janwe N45,000. Ban ma yi ciniki ba.

Na tsallake batun biyan kuɗin. N70,000 na fara turawa, ya ce kayan na tashar Apapa, sai an ba da kafin alƙalami za a ajiye min ɗaya domin guda 6 kawai suka zo kuma wani Alhaji a Ikeja yana son 3. Sunan da ya fito a asusun ba nasa ba ne. Na tambaya, ban yi shiru ba, na tambaya. Ya ce na ƙaninsa ne mai POS, nasa asusun yana da matsala. Wa bai taɓa tura kuɗi asusun mai POS ba a kasuwar Legas? Kullum ana yi. Sauran N50,000 na ba shi hannu da hannu ranar da aka ɗaura, ya ƙirga a gabana, ya ce Allah ya sa albarka. N70,000 da N50,000. Ina da alat ɗin na farko, ina da saƙon muryar da ya ce ya karɓi na biyun, duk zan ɗora.

Inda ya ƙware shi ne wajen ɗaurawa. Makanikena, wani dattijo Bayarabe da ya daɗe yana duba min motar, ya tafi garinsu biki a lokacin. Na ce wa mutumin zan jira shi. Ya ce a'a, wannan ba irin wanda kowa ke iya ɗaurawa ba ne, akwai yaronsa da ya koyi aikin, kuma in wani ya ɗaura babu garanti. Garanti! Muka haɗu a gefen Ladipo, wajen tashar Toyota, ya shiga wani shago ya gaisa da mutanen ciki kamar nasa, ya fito da kwali mai rubutun Jamusanci da tambarin wani sanannen kamfani. Na riƙe abin a hannuna. A leda yake, yana ƙyalli, yana da nauyi. Ban ga walda ba domin an shafe ta da fila irin ta masu gyaran jikin mota an bi da fenti ruwan azurfa. Ko makanike ne ya kalle shi ta cikin leda a tsaye a rana, da cunkoson Ladipo, da masu jan hannunka ta kowane gefe, ba lallai ya gane ba.

Muna tayar da mota na ji canji. Gum ɗin ya tafi, wannan gaskiya ne, amma motar gaba ɗaya ta koma zizz, madubin tsakiya ba ka ganin komai a cikinsa, dashbod na kaɗawa, tafin ƙafata na ƙaiƙayi. A nan take na ce masa wannan fa? Ya yi dariya ya ce, "Sabo ne Alhaji, sai ya zauna. Ba shi mako 2." Na kira shi daga baya, ya sake cewa sai ya zauna. Ƙarfe ne fa. Ina ƙarfe zai zauna? Amma mutumin da ya dafa ƙirji ya ce ina zai kai hakkina, in ya ce min in ƙara haƙuri, ai zan ƙara.

Da dattijon ya dawo aka ɗora motar a rami ya kwance abin, bai ce komai ba, ya ɗauki guduma ya buga sau ɗaya fila ta zube. Tsohon giya sit ne matacce, an ƙone robar an cire, an yanko guntun sifirin na babbar mota an yi masa walda a tsakani. Waldar ma ta masu ƙofa da taga ce. Ya kuma fi na asali tsawo, ya ɗaga wutsiyar giya sama, farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin giya zuwa tayoyin baya, ta karkace, robar farfelar ta yayyage. Kwankon giya ya tsage tun daga wajen noti. Dattijon ya dube ni ya ce, "Alhaji, wanda ya yi maka wannan ba kuɗinka kaɗai yake so ba." Giya 'yar Beljiyam N380,000, aiki da mai da robar farfela N35,000, janwe N45,000, sai nasa N120,000. N580,000 ke nan, a wannan marra, kuɗin da na ware na makarantar yara.

Na koma shagon nan na Ladipo. Suka ce ba su san shi ba sai dai a ido, ɗan baranda ne, yana shigowa ya gaisa ya fita, kwalin ma wataƙila a bola ya tsinta domin ba su sayar masa da komai ba. Ba na zargin kasuwar, a cikinta aka samo min giyar da nake hawa yanzu, kuma mutanen shagon sun tausaya min. Shi kuwa tun daren da na tura masa hoton giyar ya toshe ni. Kafin ya toshe ɗin abin da ya rubuto shi ne, "Ƙaddara ce Alhaji." Ƙaddara. Kai ka yanko sifirin, kai ka shafa fenti, kai ka dafa ƙirji. Allah ya isa tsakanina da kai, ban yafe ba, ko sisi ban yafe ba.

Kuma ba ni kaɗai ba ne. Da na yi magana a zauren, wani bawan Allah mai Fijo 504 da ke ɗaukar kaya daga Mile 12 ya kira ni ya ce shi N85,000 ya ba shi, kuma shi ma da shayi aka fara, shi ma an ce masa kakar 'yar garinsu ce. Wani kuma a Idi-Araba ya tura kafin alƙalami har yau bai ga kaya ba. Mutumin yana canza lamba, yana canza hoton da ke kan WhatsApp, amma kalmar ba ta canzawa: ni da kai duk baƙi ne a garin nan.

Masu tsofaffin motoci, roba za ku sa. Motar hawa a titin Legas roba mai kyau, ku gyara yoyon mai kada ya cinye ta, in za ku canza ku duba injin sit tare. Kada wanda ya sayar muku da kaya ya zaɓa muku mai ɗaurawa, kuma ku fitar da kaya daga leda a gaban makanikenku kafin ku biya.

Yau da daddare in sha Allahu zan ɗora hotunan hirarmu, da alat ɗin N70,000, da saƙon muryarsa, da bidiyon da dattijon ya fasa abin da guduma. Duk wanda mutumin nan ya karɓi kuɗinsa ya yi min magana ta akwatin saƙo da rasit ɗinsa, mu 3 ne yanzu, muna haɗa takardu za mu kai ƙara wurin 'yan sanda ranar Litinin.