Robar haƙora ta sauƙaƙa min ciwon muƙamuƙi, amma inda aka yi min ita sun ɓata min rai

'Yan uwa mazauna Jidda, wanda likita ya ce wa ya je a yi masa robar nan da ake kwana da ita a baki, ga abin da na gani.

Nawa ciwon a gaban kunne yake, daidai gaɓar muƙamuƙi. Na tashi da asuba kumatu a ɗaure, in na buɗe baki ya ce ƙas, ga ciwon kai ta gefe. Maigidana ne ya fara jin ina cizon haƙora cikin barci. Likita ya hana ni irin robar kanti da ake jiƙawa a ruwan zafi a ciza, ya ce laushinta kan sa wasu su ƙara taune ta. Aka ɗauki awon bakina, aka yi min mai tauri, wadda ta rufe haƙoran sama gaba ɗaya.

Ranar karɓa ce abin haushin. Wata ma'aikaciya ta miƙo min ita a akwatinta, ban ga likita ba, ba wanda ya ce in sa a duba. Ashe ɓangaren dama ya ɗara tudu, matauni ɗaya ne ke ɗaukar nauyin cizon duka. Ciwon ya fi na da, har hamma sai na tallafe haɓa. Na koma, suka ce sai na sake biyan kuɗin ganin likita. Kayan da su suka yi, kuɗin da kowa ya san ba kaɗan ba ne, kuma inshora bai biya min ko riyal ba! Wallahi sai da hawaye ya zubo min a wurin.

Wata 'yar uwa a unguwar Hindawiyya ta kai ni wajen wata likitar. Ta sa min siririyar takarda mai shuɗi na ciza, tudun ya fito fili, ta goge shi har haƙoran ƙasa suka sauka tare. Aikin bai ɗauki wani lokaci ba. Ta gaya min gaskiya cewa robar ba ta raba mutum da cizon haƙora, kare haƙoran take yi, ta ba naman muƙamuƙi hutu. Ta ce in riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi, in bar cingam, in ɗaga wa goro da kilishi ƙafa, kada kuma in wanke robar da ruwan zafi don tana lanƙwashewa.

Alhamdu lillahi, yanzu ina tashi ba ciwon kai. Ƙarar gaɓar tana nan, yawu kuma ya dame ni a farko.

Sai dai har yau in na tuna darerun da na kwana ina cizon tudun nan raina ɓaci yake yi. Kafin ku ba da ko sisi, ku tambaya ko kuɗin ya haɗa da gwadawa a bakinku da komawa gyara. In suka fara kame-kame, ku nemi wani wuri.