Kafin a zaɓi manhajar ba da takardun shaidar tsaro, a duba batun iyakar suna

Duk kamfanin da ya kafa tasa hukumar ba da takardun shaidar tsaro, wato takardun dijital da ke tabbatar wa kwamfuta cewa shafin intanet na gaskiya ne, ya kuma sanya uwar takardarta (takardar da sauran takardun hukumar ke dogaro da ita) a kwamfutocin ma'aikatansa, ya ɗauki nauyi babba, domin wanda ya sace mabuɗin sirrin da hukumar ke sa hannu da shi zai iya ƙirƙirar takarda da sunan kowane shafi na intanet, har da na banki, kuma kwamfutocin su karɓa ba tare da gargaɗi ba. Abin da ke rage wannan haɗari shi ne iyakar suna, wadda ƙa'idar intanet ta RFC 5280 ta shekarar 2008 ta fayyace: a cikin takardar hukumar ake rubuta sunayen da aka halatta mata da waɗanda aka haramta, kuma idan suna ya faɗa a ɓangarorin biyu, haramcin ne ke rinjaye. Hukumar da aka taƙaita ga example.com za ta iya ba www.example.com takarda, amma ba ta da iko a kan example1.com. Irin wannan takunkumi Mozilla, mai burauzar Firefox, ta ƙaƙaba wa uwar takardar ANSSI, hukumar tsaron intanet ta Faransa, bayan an samu takardun da aka fitar da sunayen shafukan Google a ƙarshen 2013.

A ɓangaren manhajojin bayar da takarda zaɓi yana da yawa, kuma bambancin bai kai yadda 'yan talla ke nunawa ba. OpenSSL yana iya rubuta iyakar, sai dai da hannu ake tsara komai, don haka ya fi dacewa da wanda zai sa hannu a takarda ɗaya ko biyu ya adana mabuɗin. Wanda ma'aikatarsa ke kan Windows zai iya amfani da AD CS na Microsoft, inda ake saka iyakar ta fayil ɗin tsari. Vault na HashiCorp da step-ca na Smallstep sun fi sauƙi ga masu sabunta takardu akai-akai, EJBCA kuma ya dace da babbar ma'aikata mai buƙatar bin diddigin kowane mataki.

A ganina ba a nan ya kamata mai saye ya ɓata lokacinsa ba. Iyaka rubutu ce kawai a cikin takarda, manhajar da ke tantance takardar ita ce ke aiwatar da ita ko ta yi biris. A baya na'urorin Apple sun daɗe ba sa gane ta, kuma irin wannan gibi ne ya sa ƙungiyar CA/Browser Forum, ta hukumomin ba da takarda da masu burauza, ta yarda a fitar da iyakar ba tare da alamar wajibi ba, alhali RFC 5280 ta ce dole a sa. Ma'anar alamar ita ce manhajar da ba ta fahimci iyakar ba ta ƙi takardar baki ɗaya. Idan an cire alamar komai zai yi aiki lami lafiya, amma tsofaffin na'urori za su zauna babu kariya, don haka a hukumar cikin gida gara a sa ta a ga wace na'ura ce za ta ƙi.

Akwai tarkuna uku da ya kamata a gwada kowace manhaja da su. Iyakar tana aiki ne a kan nau'in sunan da aka ambata kaɗai, wato wanda ya taƙaita sunayen shafuka ya manta da adireshin IP ya bar ƙofa a buɗe, shi ya sa ake haramta dukkan adireshin IPv4 da IPv6 idan ba a buƙatarsu. Sai tsohuwar al'adar karanta sunan sabar daga tsohon gurbin suna na takardar, CN, maimakon gurbin jerin sunaye, SAN, wadda Chrome ya daina tun 2017, harshen rubuta manhaja na Go kuma ya kashe ta a sigar 1.15; manhajar da har yanzu ke yin haka tana iya karɓar sunan da iyakar ba ta duba ba. Na uku shi ne wurin da aka ajiye iyakar: RFC 5280 ba ta tilasta a duba wadda ke jikin uwar takarda ba, saboda haka ya fi aminci a rubuta ta a takardar tsakiya, wato wadda uwar ta sa wa hannu domin ta riƙa fitar da sauran takardu, a kulle mabuɗin uwar nesa da intanet.

Ita kanta tantancewar ba ta rasa kurakurai. A Nuwamban 2022 an fitar da OpenSSL 3.0.7 domin toshe ɓaraka biyu da aka gano daidai a wurin duba iyakar suna, wajen sarrafa adireshin imel, don haka saurin fitar da gyara yana cikin abin da za a auna.

Kafin a biya kuɗi ko a sa hannu a yarjejeniya, a kafa hukumar gwaji mai iyaka, a fitar da takarda ɗaya da ke cikin iyakar da wasu da suka keta ta, da suna da kuma adireshin IP, sannan a gwada su a burauza, wayoyi, manhajojin Java da na Go, har da firinta da sauran ƙananan na'urorin da ba a cika sabunta su ba. Netflix ta fitar da BetterTLS a 2017 domin irin wannan gwaji, kuma ana iya farawa da shi.