Wane girafin za ka saya don binciken maganaɗisu?

Ɗalibin kimiyya a Aliero ko Birnin Kebbi da zai auna maganaɗisun girafin, wato shimfiɗar girafayit mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak, abin da ya kamata ya fara tambayar mai sayarwa shi ne yawan ƙarfe da manganis (shi ma wani nau'in ƙarfe ne) da ke cikin kayan. Girafayit mai tsabta, wato ainihin baƙin da ke cikin fensir, ba ya bin mayen ƙarfe, ɗan ja da baya ma yake yi. Saboda haka ɗan ɓurɓushin ƙarfe ya isa ya yaudari na'ura, har mutum ya ɗauka ya gano sabon abu.

Garin da ake tallatawa da sunan girafin shi ya fi araha, kuma shi na fi tsoro. A 2018 masu bincike a Singafo sun gwada kayan kamfanoni 60, suka tarar yawancinsu girafin da ke ciki bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Sauran girafayit ne da aka niƙa.

Akwai shimfiɗar girafin da ake tsirar da ita a kan fallen jan ƙarfe da iskar mitan, a zafin kusan digiri 1000. Ga nazarin tsari tana da kyau ƙwarai, amma nauyin murabba'in mita guda bai wuce miligiram 0.77 ba, don haka ɗan yankin da kuɗinka zai saya ba zai motsa na'urar awo ba. Sannan sau da yawa da sinadari mai ƙarfe ake narkar da jan ƙarfen, wanda kan iya barin ɓurɓushin ƙarfe a jikin shimfiɗar.

Ni dai na fi son a sayi girafayit mai takardar shaidar tsabta, a haɗa girafin oksayid, wato girafin da iskar oksijin ta maƙale masa, da shi ta hanyar haɗin sinadarai ta Hummers ta 1958. Ita ma tana barin manganis daga sinadarin famanganet da ake zubawa, amma wankin yana hannunka: asid na haidurokulorik, sai ruwa tatacce, a yi ta maimaitawa. Aiki ne mai haɗari, cikin ƙanƙara ake sanya tukunyar, kuma ba a yinsa sai da malami a kusa.

Ko wanne ka zaɓa, ka ware kuɗin gwaji tun farko. A na'urar XRD, mai duba tsarin abu da hasken eksire, zanen girafayit kan yi tsini a kusurwa ta wajen digiri 26.5, oksayid ɗin kuma a wajen 10 zuwa 11. Ka haɗa da hantsakin roba a cefanen, domin na ƙarfe yana barin sawu a jikin samfur.